Bututun abinci ya huje: tiyata za'a yi, sitent za'a saka, ko jira za'a yi?

Akwai ciwon da idan yazo baya baka damar komawa gida kayi shawara da kowa, hujewar bututun abinci yana cikinsu. Ina nufin bututun nan da ya taso daga maƙoshi ya bi ta tsakiyar ƙirji, ta bayan zuciya, ya sauka cikin tumbi. Tsawonsa kamar santimita 25 ne a jikin babba, kuma shi ba kamar hanji bane da yake da wata fata mai santsi ta waje da take taimaka masa ya haɗe in an ɗinke, shi bashi da ita, shiyasa ɗinkinsa yake da wuyar kamawa. In ya ɓule, duk abinda mutum ya haɗiya, yawu ne, ruwa ne, abinci ne, har ruwan tsamin da yake tasowa daga ciki, zubewa zai dinga yi tsakanin huhu da zuciya, kuma duk numfashin da mutum yaja ƙirjin ƙara zuƙo dattin yake yi ta ramin. Cikin 'yan awanni wurin ya fara mugunya, ƙwayoyin cuta su shiga jini, jini ya sauka, ƙoda ta fara gazawa.

Toh a irin wannan halin ne likita zai fito ya samu 'yan'uwa yace akwai hanyoyi, ko a buɗe ƙirji a ɗinke, ko a zura na'ura ta baki a toshe ramin daga ciki, ko kuma a hana shi cin komai a bashi magani a zuba ido. Kuma kusan kowa amsarsa ɗaya ce, likita dan Allah ayi wadda babu yanka. Ban ga laifin kowa ba, waye yake son a buɗe ƙirjin mahaifinsa? Amma fa wadda tafi sauƙin ji a kunne ba lallai itace zata fidda mutum ba.

Bari in fara da alƙaluman da suke ruɗar mutane. A 2013 an fitar da wani babban nazari da ya tattara bincike 75, marasa lafiya 2,971. A dunƙule kashi 11.9 cikin 100 ne suka rasu. Da aka raba su gwargwadon aikin da aka yi musu, waɗanda aka sakawa sitent, wato bututun raga da ake zurawa ta baki ya toshe ramin daga ciki, kashi 7.3 ne suka rasu, waɗanda aka ɗinke musu ramin 9.5, waɗanda aka cire musu bututun gaba ɗaya 13.8, waɗanda aka yiwa sauran dabaru irin saka roba mai siffar harafin T a ramin ta dinga fitar da datti waje kuma kashi 20. Duk wanda ya kalli wannan zai ce ai magana ta ƙare, sitent yafi. Nima haka na fara ɗauka. Amma ka tsaya ka tambayi kanka, su waye aka sakawa sitent ɗin? Waɗannan rahotannin asibitoci ne, likitoci ne suka duba kowane mara lafiya suka zaɓar masa abinda za'a yi masa, wanda raminsa ƙarami ne, aka gano da wuri, ƙirjinsa bai cika da datti ba, shi ake turawa wajen sitent, wanda kuma yazo bayan kwana uku yana numfashi da ƙyar, naman bututun ya riga ya ruɓe baya riƙe zare, shi ake sakawa robar T. Kaga ba robar ce ta kashe shi ba, dama a bakin kabari aka same shi. Kamar ka gwada direbobi biyu ne, ɗaya ka bashi titi mai kwalta ɗaya ka tura shi cikin laka, sannan kace na farkon yafi iya tuƙi.

Lambar da ni nafi yarda da ita a wannan nazarin ta lokaci ce. Waɗanda aka fara yi musu magani cikin awa 24 na farko, kashi 7.4 suka rasu. Waɗanda suka wuce awa 24, kashi 20.3. Kusan ninki uku kenan, kuma tazarar tafi duk wadda take tsakanin sitent da ɗinki nesa ba kusa ba. Wani nazarin da ya riga shi, na 2004 akan mutane 726, shima haka ya nuna, kashi 14 da wuri, kashi 27 in an makara. Wato awannin da ake ɓatawa ana ta kiran waya ana jiran babban yaya yazo ya sa hannu, sun fi zaɓin da ake ta gardama akai tsada.

Me yasa ake makara? Saboda ciwon kwaikwayo gare shi. Mutum yayi amai mai ƙarfi, sai yaji wani azababben ciwo a ƙirji ko a saman ciki yana harbawa baya, gumi ya karyo masa, kowa zai ce zuciya ce, ko olsa ce ta fashe, ayi ta gwajin zuciya ana samun lafiya lau lokaci na tafiya. Akwai wata alama da in ka taɓa jinta sau ɗaya bazaka manta ba: ka ɗora yatsu a gindin wuyan mutum ko saman ƙirjinsa ka danna a hankali, sai kaji ƙaras ƙaras a ƙarƙashin fata kamar kana murza leda, iskar da ta tsere ta ramin ce ta taru a wurin. Amma ba kowa take fitowa ba, dayawa basa nuna ta a farko. Abinda yake raba gardama shine hoton siti sikan, a bawa mutum wani ruwa da yake haskawa a hoto ya sha, a ga inda yake yoyo, a kuma ga iska ko ruwa ya taru ina. Wanda aka yiwa endoskofi yau, wato aka zura masa na'ura mai kyamara ta baki, ko aka buɗa masa bututun da balo, wato balan-balan da ake hurawa a ciki, da daddare yaji ciwon ƙirji ko wuya da zazzaɓi, kar ya bari gari ya waye, ya koma ya faɗa musu abinda aka yi masa.

Shi wannan na amai ma yana da tarihi. A 1723 wani babban kwamandan sojojin ruwan ƙasar Holan, Baron van Wassenaer, yaci abinci ya ƙoshi sosai, ya sha maganin sa amai, yana cikin kakari yayi ihu yace wani abu ya tsinke a ƙirjinsa, kafin kwana ɗaya ya cika ya rasu. Likitansa Herman Boerhaave ya buɗe gawar ya tarar da abincin a cikin ƙirji, ya rubuta labarin a 1724, har yau da sunansa ake kiran ciwon. Daga nan sai da aka shafe sama da shekara 200 duk wanda ya samu kusan tafiya ce, sai a 1947 Norman Barrett a Landan ya ɗinke wani ya tashi. Na kawo wannan ne dan a san cewa irin wannan yagewar in aka barta ba magani, kusan babu mai tsira.

Kafin ma ayi maganar wace hanya, abu biyu ne suke fara yanke hukunci, a ina ramin yake, kuma me ya jawo shi. Na wuya shine mai sauƙi, wajen kashi 6 ne suke rasuwa, saboda dattin baya saurin bazuwa kuma sau dayawa ɗan tsagawa a gefen wuya a zuƙe mugunyar ya wadatar, ko ba'a ga ramin an ɗinke ba yana haɗewa da kansa. Na ƙirji da na ƙasa kusa da tumbi sunfi haɗari, wajen kashi 11 da 13 a nazarin 2013, a na 2004 kuwa na ƙirji ya kai 27. Sanadi kuma, fiye da rabi a hannun likitoci suke faruwa, wajen zura na'ura ko buɗa bututun da ya tsuke, wannan ba ɓoyayyen abu bane, kuma ta wani ɓangaren sunfi sa'a dan cikinsu babu abinci, an hana su ci tun dare, kuma galibi a take ake gani. Na ƙashin kifi ko wani abu da ya maƙale shine mafi ƙarancin kisa, kashi 2.1. Na amai shine uban tafiyar, tumbi a cike, yagewar doguwa, galibi a ƙasan bututun ta gefen hagu, komai ya watsu cikin ƙirji lokaci guda.

Toh mu ɗauki ta zuba ido, wadda kowa yake so. Farko dai ba zaman banza bace, kuma ba a gida ake yinta ba. Mutum zai kwanta ne ana bibiyar bugun zuciyarsa da numfashinsa dare da rana, babu ci babu sha, ko ruwa, na aƙalla mako ɗaya, ana bashi antibayotik masu ƙarfi ta jijiya, wani lokacin harda maganin fangas, da maganin rage tsamin ciki, abinci kuma ta jijiya ko ta roba. Sannan tana da sharuɗɗa da aka tsara tun 1979 aka ƙara gyara su a 1997: yoyon ya zama a killace yake, ruwan hoton in ya fita ya dawo cikin bututun bai bazu ba, babu alamar guba a jini, babu kansa a wurin, babu toshewa a ƙasan ramin, ramin ba a ƙasa kusa da tumbi yake ba, kuma akwai likitan tiyata a kusa da zai iya shiga kowane lokaci. In duk sun cika, wlh hanya ce mai kyau, mutum ya tashi babu tabo. In ɗaya ya karye, ko aka fara sai zazzaɓi ya ƙi sauka, bugun zuciya ya dinga hawa, numfashi ya fara nauyi, to ba'a taurin kai, canza hanya ake yi a ranar. Haɗarinta shine mutum ya riƙe ta dan tsoron wuƙa ba dan ya cika sharuɗɗan ba.

Sai aikin ta baki da na'urar endoskofi, kuma shi kansa kala uku ne. In ramin ƙarami ne, ƙasa da santimita 1, bakinsa sabo ne mai tsabta kamar wanda na'ura ta yi yanzu yanzu, ƙananan kilif ake matse shi dasu a take, an gama. In ya kai santimita 1 zuwa 2 akwai babban kilif da yake cafko naman kamar tarko. Wanda ya wuce haka shine ake maganar sitent, wani bututu ne na ragar ƙarfe da aka lulluɓe da roba, ana zura shi a tsuke sai ya buɗe a ciki ya rufe ramin kamar an yiwa bututun riga ta ciki. Daɗinsa a fili yake, babu buɗe ƙirji, tsoho ko mai ciwon zuciya da bazai jure doguwar tiyata ba zai iya jurewa, kuma in hoto ya nuna yoyon ya tsaya, cikin 'yan kwanaki ana iya fara bashi ruwa ruwa. Nazarce nazarce sun nuna wajen kashi 85 ramin yana rufewa.

Amma ga inda mutane basa ji. Sitent yana toshe rami ne kawai, baya kwashe dattin da ya riga ya zuba. In ƙirji ya cika da abinci da mugunya ka toshe ramin ka tafi, ka kulle ɓarawo ne a cikin ɗaki. Dole a haɗa da robar zuƙewa ta gefen ƙirji, sau dayawa ma sai an shiga da kyamara ta ƙananan huji an wanke wurin, wato dai tiyatar da ake gudu an yi rabinta. Na biyu, yana zamewa. Wanda aka lulluɓe shi gaba ɗaya, kusan ɗaya cikin huɗu yana sulalewa ya faɗa tumbi sai an koma an jawo shi ko an saka wani, wanda kuma ba'a lulluɓe bakinsa ba yafi zama amma nama yana tsirowa ya riƙe shi, cire shi ya zama aiki. Kuma dole a cire, bayan 'yan makonni, ba abin bari bane. A can sama kusa da maƙoshi mutum baya iya jure shi, a can ƙasa inda bututun ya haɗu da tumbi kuma baya kama jiki sosai sannan yana barin ƙofa a buɗe ruwan tsami yayi ta tasowa, dole mutum ya dinga kwana a jingine.

Na ukun shine soso mai zuƙa, wanda likitocin Jamus suka fara yaɗawa wajen 2008. Soso ne ake ɗaure shi a bakin siririyar roba, a zura shi cikin ramin ko a gefensa, robar ta fito ta hanci a haɗa ta da injin da yake zuƙa ba tsayawa. Ni wannan dabarar tana burge ni dan tana yin abinda sitent ya kasa, tana tsotse mugunyar kuma tana jawo naman ya tsuke. Kuɗinta shine haƙuri, duk bayan kwana 3 zuwa 5 sai an sake sa mutum barci an canza soson, wani sau huɗu wani sau takwas, roba na hanci duk tsawon lokacin, baki kuma a rufe. Kuma ba kowane asibiti yake da ita ba.

Yanzu tiyata. Ana buɗe ƙirji ta gefe, na ƙasa ta hagu, na tsakiya ta dama, in kuma ramin yana can gindi ta ciki ake shiga. Likita zai ƙara tsaga naman waje dan yaga ƙarshen yagewar ta ciki, saboda ta ciki kusan kullum tafi ta waje tsawo, in bai gano ƙarshenta ba ya ɗinke rabi ya bar rabi. Ya yanke naman da ya mutu, ya ɗinke hawa biyu, sannan ya ɗauko wani lafiyayyen nama mai jini, na tsakanin haƙarƙari ko kitsen ciki ko gefen tumbi, ya lulluɓe ɗinkin dashi, ya wanke ƙirjin tas, ya bar robobi, galibi ya saka wata robar ciyarwa a ƙaramin hanji dan mutum ya samu abinci tun kafin baki ya buɗe. Aiki ne babba, akwai ciwo, akwai kwanaki a sashen kulawa ta musamman, akwai yiwuwar ɗinkin yayi yoyo musamman in an makara. Amma shi kaɗai ne yake rufe rami ya kwashe datti a zama ɗaya da ido buɗe. Shiyasa a ganina, mutum mai sauran ƙarfi, yagewar amai, datti ya bazu a ƙirji, an gano da wuri, bututunsa dama lafiyayye ne, ni ɗinki zan karkata, kuma bazan bari kalmar yanka ta tsorata ni ba. Da can ana cewa in an wuce awa 24 ba'a ɗinki, yanzu likitoci sunfi duba naman kansa, in yana riƙe zare ana yi.

Abu ɗaya da ba'a wasa dashi, in akwai toshewa a ƙasan ramin, ɗinki ko sitent duk wahalar banza ce sai an magance ta. Mai ciwon nan da ƙofar tumbi take ƙin buɗewa, in balo ya fasa masa bututu, a tiyatar ana ɗinke ramin sannan a tsaga naman ƙofar ta ɗaya gefen. In kansa ce a wurin kuma tana ciruwa, ko bututun ya riga ya lalace da tabon shan guba mai ƙuna, cire shi ake yi, a jawo tumbi sama ko a ɗauko wani yanki na babban hanji a maye gurbinsa, ko a take ko bayan watanni. In kansar ta riga ta bazu, sitent ne yafi dacewa dan mutum ya samu ya haɗiyi ruwa cikin kwanciyar hankali. Robar T da karkatar da yawu ta huji a wuya kuwa, waɗannan na ceton rai ne a lokacin da jiki bazai ɗauki komai ba, babu mai zaɓarsu dan yana so.

Likitocin Pittsburgh a Amurka sun fitar da wani lissafin maki a 2009 da zai taimaka maka ka gane inda naka yake. Shekaru sama da 75, bugun zuciya sama da 100, hawan adadin fararen ƙwayoyin jini a gwaji, ruwa a gefen huhu, kowanne maki 1. Zazzaɓi sama da 38.5, yoyon da ya bazu, wahalar numfashi, makara sama da awa 24, kowanne maki 2. Kansa ko faɗuwar jini, maki 3. Masu maki 2 zuwa ƙasa kusan duk suna tashi kuma sune zuba ido yake yiwa kyau, masu sama da 5 kuwa fiye da ɗaya cikin huɗu suke rasuwa. Ba alƙalami bane da ya bushe, amma in ka lissafa ka samu bakwai kana cewa a jira a gani, kasan da kanka akwai gyara a maganar.

Wani abu kuma da ya kamata a faɗa ba ɓoye ɓoye, waccan kashi 11.9 ɗin daga manyan cibiyoyin da suke rubuta sakamakonsu ta fito. Da aka duba ƙasar Ingila gaba ɗayanta, mutane sama da 2,500 daga 2001 zuwa 2012, harda tsofaffi tukuf da waɗanda ba'a ma samu damar yi musu komai ba, kashi 30 suka rasu cikin kwana 30, kuma asibitocin da suka fi yawan ganin ciwon sunfi tsirar da mutane. Dalilin ba wani sihiri bane, a can ne ake da mai endoskofi da likitan tiyatar ƙirji da mai saka roba da hoto duk a rufi ɗaya, in sitent ya zame da ƙarfe biyun dare akwai mai gyarawa, in ya ƙi akwai mai buɗewa. Dan haka tambayar da zan fara yiwa likita ba wacce tafi bace. Zan ce likita, yoyon a killace yake ko ya bazu? Dattin da ya zuba ta ina za'a fitar dashi? In wannan hanyar bata yi ba, wace alama zaku gani ku canza, kuma a nan za'a yi ta biyun ko sai an ɗauke shi? In amsar ta ƙarshe itace sai an ɗauke shi, gara a fara antibayotik, a saka robar ƙirji in da buƙata, a ɗauke shi yanzu yana da sauran ƙarfi.

Ko wacce aka bi, a shirya zama, matsakaicin kwanciya a nazarin 2013 ya haura wata ɗaya. Ba'a buɗe baki sai an sake hoton haɗiya an ga babu yoyo, daga nan kurɓin ruwa, sai mai ruwa ruwa, sai mai laushi. Wasu bayan watanni wurin yana tsukewa da tabo abinci ya fara tsayawa, sai an koma an buɗa, wanda aka cirewa bututu kuma cin kaɗan kaɗan sau dayawa a rana zai koya, kuma bazai ƙara kwanciya flat bayan cin abinci ba. Robar ciyarwar nan ta gefen ciki wasu da ita ake sallamarsu, a koyawa na gida yadda ake wanke ta da ruwa bayan kowane abinci dan kar ta toshe, sai ranar da mutum ya iya cin abinda zai riƙe nauyinsa ta baki sannan a zare ta.